Kalaba Uku

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Memuna mai kitso ta Didawure, wadda ke kwance a Sokode.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, irin wadda 'ya ke yi wa uwarta tana durƙushe, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ni ce Adiza, 'yarki ta Dapaong. In kin tambayi lafiyarmu, muna nan ƙalau, sai dai gwiwa da ke yi mini gardama kowace safiya, da ido da ya fara zaɓen abin da zai gani. An ce yaƙin Nasara ya ƙare, samarin da Faransa ta kwasa sun fara dawowa ɗaiɗai, amma har yanzu farin yadi sai mai rabo a kasuwa.

Na san babu motar da ke kai takarda inda kike. Matar liman ce ke rubuta mini da ajami a rumfar tsakar gida, matan zango sun kewaye mu wai suna tsince shinkafa, alhali kunnuwansu duk suna wajena. Na ƙyale su su ji, don akwai waɗanda suka kusa isa inda na isa.

Maganar kitso ce ta kawo ni gare ki, Mma. Lokacina na kalaba uku ya yi, na nemi jikarki Salamatu ta yi mini, ta ce sam. Bari in ɗauko zancen daga tushe, saboda masu tsince shinkafar nan ba su san ki ba.

Ke 'yar ƙabilar Kotokoli ce ta garin Awuda. Baba ya auro ki a hanyar fataucin goro ya kawo ki Didawure, zangon Sokode, kika koyi Hausa a bakin murhu da bakin rijiya. Har kika bar duniya mace da namiji duk "ka" ne a wurinki. Kawunnaina suna yi miki dariya, ke ma ki taya su, amma matansu ba su yarda kowa ya taɓa musu gashi in ba ke ba.

Ina tuna ki a gindin mangwaron da Jamus suka tilasta wa Baba dasawa a ƙofar gida. Kina bisa kujera, mace na zaune tsakanin gwiwoyinki, kibiyar kitso a bakinki, man shanu a bayan hannunki. Kitsonki ƙanana ne, tsagarki miƙaƙƙiya. Amaryar da ta fito daga hannunki sai ta kwana biyu tana barci a zaune, kuma ba ta taɓa kuka da ke ba.

Da waɗannan hannuwan kike wankan gawa, ke da Goggo Fusena. Sai ki dawo daga gidan rasuwa da warin ganyen magarya a jikinki, ki yi wanka, ki zauna ki kama kan amarya. Na taɓa nuna miki ƙyama ina yarinya. Ba ki yi faɗa ba, cewa kika yi, "Wanda ka yi ma kitson aure, Adiza, shi za ka tsefe wata rana." Daga baya na riƙa ɗaukar muku ruwa zuwa ƙofar ɗaki, a nan na ga yadda ake yi. A tsefe wa mace gashinta duka, a wanke, a raba shi uku, a kitsa manyan kalaba a kwantar mata a baya. Matar liman ta ɗaga alƙalami yanzu wai malamai suna da magana a kan wannan. Na ce ta rubuta kawai, haka muka tarar ana yi a unguwarmu.

Naki gashin kuwa ni kaɗai kika yarda in kitsa, kuma ko amarya ba ta kai ki son ƙananan kitso ba. Furfura ta fara leƙo miki, muna rufe ta da shuni. In na gama sai ki ɗaura kallabi ki nufi kasuwa, har mahauta sai sun ajiye wuƙa sun gaishe ki.

Sai ranar nan, shekarar da Jamus suka tafi, Salamatu na goye a bayana. Kika dawo daga wankan wata tsohuwa rana ta riga ta karkata. Kitsonta ƙanana ne, ya kuma daɗe a kanta, kun sha wuya kafin ya tsefu, maza na tsaye da makara a cikin rana. Ba ki ko sha ruwa ba kika zauna a gabana, kika ce in tsefe miki, in wanke shunin tas, in yi miki kalaba uku.

Na san ma'anar uku. Na turo baki, na yi magiya, na ce zan gaya wa Baba. Ba ki motsa ba. Na yi miki ina kuka, hawayena na ɗiga a tsagarki, kika ce, "Ruwan ya isa haka, na riga na wanke." Da na gama kika shafa ƙeyarki kika ce, "Ba kiran mutuwa na yi ba. In ka ji baƙo zai zo, ka share ɗaki. Ko bai zo yau ba, ai ka kwana wuri mai tsabta."

Na ɗauka ba za ki ga watan gobe ba. Duk tarin da kika yi sai gabana ya faɗi. Ashe kina da sauran shinkafa mai yawa a gaba. Kika ga yayen Salamatu, kika ga haƙoranta sun zube sun sake fitowa. Kika binne Baba, kika binne waɗanda suka zo yi miki jaje tun ranar da suka ga farin kanki. 'Yan unguwa suka sa miki suna Mma A-shirye, kina amsawa. Kowace Juma'a kafin ruwan koko ya tafasa na gama miki kitso, sauran lokacin kuwa ki cinye shi da ba ni labarin wa ta yi yaji, wa ta dawo.

Da uban Salamatu ya ce za mu koma Dapaong don ya kusanci shanun da ke saukowa daga Gurma, ba ki hana ba. Safiyar tafiyarmu na yi miki ukunki, na ja su da kyau don su daɗe. Kika danƙa mini kibiyarki kika ce, "In naka lokaci ya yi za ka sani. Kar ka bari sai an gaya ma." Na ce to, don a lokacin gashina har kafaɗa yake, to ɗin ba ta yi mini nauyi ba.

Ba ki taɓa zuwa Dapaong ba, Mma. Gari ne na duwatsu da gero, zangonmu a lokacin bai fi a ƙirga gidajensa da yatsu ba. Na yi kewa har na rame. Rannan a bakin rijiya wata mace ta dube ni ta ce, "Baƙo, ka kawo tulunka in ɗora ma." Na tsaya ina kallonta kamar wata sokuwa, don tun da na baro Didawure ba wanda ya kira ni da irin bakinki. Azumi ke nan, 'yar ƙabilar Moba ce da wani mahauci ya aura ta musulunta. Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Na koya mata kitso har ta nemi ta fi ni, ko da yake ban taɓa faɗa a gabanta ba. Ni in yi mata, ita ta yi mini, kowa na ƙoƙarin ta ƙure 'yar'uwarta da ƙanƙanta. Da aka yi rasuwar mace ta farko a zango aka rasa mai wanka, na tashi na shiga, Azumi ta bi ni da tulu. Haka muka gaje ku, ke da Goggo Fusena, ba tare da kowa ya naɗa mu ba.

Da damina kika tafi. Kogin Oti ya cika a Mango, jirgin fito ya daina ƙetarewa, babu mota babu mai ƙafa. Sai da ruwa ya janye wani falke ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na riga na ji. Ina tankaɗe a lokacin. Na tuna na gama tankaɗen tukuna, sannan na zauna a ƙasa.

Da hanya ta buɗe na hau babbar mota a kan buhunan gyaɗa na taho Sokode. Goggo Fusena ta kama hannuna ta ce tun da take wanka ba ta taɓa yin mai sauƙin naki ba. Ta ce gashin ya riga ya san hanyarsa, suna tsefewa suna wankewa ya koma uku da kansa, kafin maza su gama alwala an gama shirya ki. Na ji daɗi, na yi miki murna. Sai na tambayi wa ya yi miki kitson Juma'ar ƙarshe, ta ce wata 'yar maƙwabta ce. Yarinyar kirki, Allah Ya saka mata. Amma wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai har yau, Mma. Ba hannuna ba ne ya kitsa, ba kuma hannuna ya tsefe ba.

Za ki ce wadda ta ga duk wannan ai ta yi hankali. Ina fa. Ranar da Azumi ta tsinci furfurar farko a kaina ta tsige ta ta jefa a murhu. Da suka yi yawa muka koma ga shuni. Uban Salamatu ya sha cewa na mayar masa da matashi marina, don duk inda na kwanta sai na bar shaida. Allah Ya yi masa rasuwa, na yi takaba, ina fita na koma gaban Azumi na zauna. Goshina ya fara ja da baya, ita kuma ta san yadda za ta karkato tsaga ta rufa mini asiri. Ina son in ji an ce ba a ganin shekaruna, wannan gaskiya ce, kuma matan nan da ke dariya yanzu su ne masu faɗa mini.

Na ba Azumi labarin kalabarki tun da daɗewa. Duk sanda muka fito daga wani wanka mai wuya sai mu dubi juna. Ita ce ke fara magana, ta ce, "Uwanka yana da hankali, mu ba mu da shi. Sai baɗi." Baɗi ta zo mu sake cewa baɗi.

Bana da kaka aka yi bikin ɗan ƙaninta a Gando. Ta ce in yi mata wanda zai sa matan can su kasa cin tuwo. Na zage na yi mata, mun wuni a kai, na shafe shi da shuni yana ƙyalli. Ta je ta yi rawarta, ta dawo da zazzaɓi. Kitson nan bai ko fara tashi ba Allah Ya karɓi abinSa.

Ni aka kira, wa za a kira? Na zauna na ɗora kanta a cinyata yadda na saba, na ɗauki kibiyarki. Abin da na kitsa da alfahari, shi na zo ina tsefewa da yatsun da ba sa lanƙwasuwa da idon da ba ya ganin bakin kitso. Ina jin liman yana gyaran murya a waje, ina jin maza na matsawa suna bin inuwar katanga. Wata ta ce ko a kawo almakashi. Na ce ba a kan Azumi ba. Na yi ta tsifa ina yi mata faɗa a hankali, ina cewa ga baɗin nan taki ta zo.

Da muka zuba ruwa ya gangaro baƙi, muka sake zubawa, har ya fito fari. Sai ga kan Azumi kamar audugar da aka shanya. Na san da furfurar, ni ce mai rufe ta, amma ban taɓa ganinta duka a lokaci ɗaya ba. Wallahi Mma ta yi kyau. Na raba shi uku na kitsa, ina cewa a raina ashe wannan ne abin da muka ɓata shekaru muna ɓoyewa.

Ba wanda ya gaya mini, kamar yadda kika ce. Bayan an share makoki na aika aka kira Salamatu. Ba za ki gane ta ba yanzu, ta zama uwar mata, tana fataucin man kaɗe da daddawa, rani da damina tana kan hanyar Sokode. Ta tsefe mini, ta wanke mini, tana ta hira. Da na ce uku za ta yi, sai hirar ta tsaya. Ta ajiye mataji a kan tabarma ta ce, "Ba da hannuna ba, Mma." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Taurin kan nan kin san inda ta samo shi. Juma'a ta zo ba ta zo ba, sai tuwo ta aiko. Wata Juma'ar ma haka, har da naman kaza, wai ko za ta toshe mini baki. Na gwada yi da kaina, hannu ya ƙi kaiwa ƙeya, abin da na kitsa ko akuya ba za a ɗaure da shi ba. Matan zango suka yi ta cewa in kawo su yi mini. Na gode musu na ƙi. Ina da 'ya a garin nan, ba kogi tsakaninmu. Ba na so wata rana ta tambayi wa ya yi wa uwarta kitso a ce mata 'yar maƙwabta.

Kuma kada ki ɗauka ni ɗin jaruma ce. A kwanakin nan da na yi da gashi a tsefe cikin kallabi, sau da yawa na dubi ƙullin shunin da ya rage a bakin taga. Ina tsoro, Mma. Ina tsoron ƙuncin kabari, ina tsoron tambaya, ina kuma jin nauyin ranar da zan fita a ce ga tsohuwa nan. Ban san ko ke ma kin ji haka ba ranar da kika zauna a gabana. Yanzu da na tuna, kin riƙe gwiwata da ƙarfi har na gama, a lokacin na ɗauka zafin kitso ne.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki kibiyarki da ɗan man shanu na taka har gidanta. Na tarar tana auna man kaɗe a ƙwarya. Ban yi dogon sallama ba, na ja tabarma na zauna a gaban kujerarta na ba ta baya, na cire kallabi a gaban 'ya'yanta da masu sayen manta. Ba ta taɓa ganin farin kaina a rana ba.

Na ba ta labarinki ina kallon katanga. Na gaya mata tana goye a bayana ranar da na yi miki, ita ma ta taya ni kukan ba ta san dalili ba. Na lissafa mata abin da kika ci da abin da kika gani bayan nan. Na faɗa mata maganar share ɗaki. Daga ƙarshe na gaya mata zancen Oti da 'yar maƙwabta, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai Azumi.

Can sai na ji kujera ta matso, gwiwoyinta suka kama kafaɗuna. Ta tsaga na farko. Tsagarta miƙaƙƙiya ce, irin taki. Tana cikin na biyu na ji ɗumi na ɗiga a kaina, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ruwan ya isa haka, na riga na wanke." Har da muryarki ya fito. Ta yi dariya tana jan hanci, ni kuwa na lura hannuna na riƙe da gwiwarta.

Ta gama na uku, na yunƙura zan tashi, ta danne mini kafaɗa. Na ji ta ware ɗan gashi kaɗan a bayan kunnena na hagu, ta kitsa shi siriri, ƙarami ƙwarai, irin wanda ke da kanki za ki yaba. Na buɗe baki zan yi magana ta riga ni. Ta ce, "Ukun na masu wanka ne. Wannan nawa ne, duk Juma'a zan sake shi, kuma ranar ba mai tsefe shi sai ni."

Na san ba a jira da gawa, ita ma ta sani. Shi ya sa a gabana ta kira mijinta ta ce masa daga bana ba za ta ƙara ƙetare Oti da damina ba, man kaɗen ya jira rani. Mutumin ya dubi kaina, ya dube ta.

To kin ji, Mma. Uku ne da ɗan ƙari, kada ki ce na yi miki ha'inci. Masu wanka ba za su sha rana saboda ni ba, wannan ɗan siririn kafin a ɗebo ruwa ta tsefe shi. Na dawo gida na ɗauki madubi, na ga mutuniyar Didawure tana kallona, har da ɗan karkata bakin nan naki. Na gaishe ki. Kaina ya yi sakayau, iska na shiga, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Shunin na ba wata amarya. Jiya a kasuwa wani yaron mahauci ya ce mini "sannu Kaka", na amsa, har na sa ya ƙara mini tsoka.

Ban san ko nawa ya rage mini ba. In na biyo ki a tsawon rai, Salamatu na da aikin Juma'o'i masu yawa a gabanta, zan kuma cinye mata su da labarin wa ta yi yaji. In kuwa baƙon na kusa, ɗaki a share yake. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya rage, yanzu yana zama a gefe ya bar ni in ci tuwona.

Allah Ya jiƙan ki, Mma. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki shi, Ya saka miki da alherin duk kan da kika kitsa da duk wanda kika tsefe. Allah Ya jiƙan Baba da uban Salamatu da Goggo Fusena. Ga Azumi nan ta riga ni, za ki gane ta da bakinta, ki riƙe mini ita. Allah Ya sa mu cika da kalmar shahada, Ya sa ranar tawa ta zo Salamatu na wannan gefen kogi.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Adiza, zangon Dapaong.